BABI NA HUƊU: ABUBUWAN DA KE JAWO NASARA KO FAƊUWAR FIM ƊIN HAUSA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar fim a ƙasar Hausa, tun daga majigin Turawan mulkin mallaka da gidajen silima na Kano har zuwa bayyanar finafinan bidiyo. A wannan babi kuwa za a dubi wata tambaya da ta daɗe tana jawo muhawara tsakanin masu shirya fim da masu nazarinsa, wato me ke sa wani fim ya karɓu wani kuma ya faɗi, alhali sau da yawa 'yan wasa ɗaya ne suka fito a cikinsu, kuma kasuwa ɗaya aka kai su.

Amsoshi biyu aka fi ji a kan wannan tambaya. Manazarta da malaman addini da iyaye sukan ce kwaikwayon finafinan Indiya ne ya gurgunta fim ɗin Hausa, don haka maganin abin shi ne a koma ga labarai na gida. Su kuma masu shirya fim sukan ɗora laifin a kan masu satar fasaha da kuma tsananin hukumar tace finafinai. Kowace daga cikin amsoshin nan tana da ƙamshin gaskiya, amma idan aka auna su da tarihin finafinan da suka yi fice za a tarar ba su wadatar ba. Abin da babin zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, fim yakan yi nasara idan mai kallo ya ga matsalar gidansu a cikinsa, aka faɗe ta ta hanyar da yake jin daɗi, sannan fim ɗin ya iso hannunsa cikin sauƙi. Duk fim ɗin da ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan yakan yi tuntuɓe, komai kyan niyyar mai shi.

4.1 Ma'aunin Nasara da Faɗuwa

Kafin a shiga misalai, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da nasara, domin kalmar tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Akwai nasara ta fuskar kasuwa, wato fim ya mayar da kuɗin da aka kashe masa har ya kawo riba. Akwai nasara ta fuskar fasaha, wadda ta shafi zubi da tsarin labari, da ƙwarewar 'yan wasa, da kyan hoto da sauti. Akwai kuma nasara ta fuskar tasiri, wato fim ya taɓa tunanin jama'a, ya zauna a bakinsu bayan an gama kallo.

Waɗannan ma'aunai ba kullum suke tafiya tare ba. Fim yakan samu yabon masana ya rasa masu saye, wani kuma a yi ta rububinsa a kasuwa amma bayan wata biyu babu mai tuna sunansa. A wannan nazari an ɗauki wasu alamomi na zahiri a matsayin shaidar karɓuwar fim. Daga ciki akwai fitar da kashi na biyu da na uku saboda buƙatar masu kallo, da yawaitar masu kwaikwayon salonsa, da kuma yadda sunan tauraro a cikin labari yake danne sunan ɗan wasa na yanka. Misali, mutane da yawa ba su san Ɗan'azumi Baba da wani suna ba sai Kamaye, kamar yadda sunan shirin Izzar So ya manne wa Aisha Najamu. Irin wannan ba ya faruwa sai fim ya shiga zukatan mutane.

4.2 Asalin Labari: Ƙirƙira da Aro

Zargin da aka fi yi wa fim ɗin Hausa shi ne rashin labari na asali. Zargin kuwa ba ƙage ba ne. Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai zurfi a kan finafinan Hausa da aka ɗebo daga na Indiya, kuma daga cikin misalan da aka sani akwai Khusufi, wanda aka gina a kan fim ɗin Taal na 1999. To amma tambayar da ya kamata a yi ita ce, shin aro shi kaɗai yana kayar da fim?

Idan aka dubi adabin Hausa na zamani tun daga tushensa za a ga aro ba sabon abu ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, amma ya sa musu rigar Hausa har ta kai mai karatu ba ya jin baƙunta a cikinsu. Wannan bai rage wa littafin daraja ba. Ke nan abin dubawa shi ne yadda aka sarrafa abin da aka aro.

Brian Larkin, a nazarin da ya yi a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa Hausawa sun rungumi finafinan Indiya ne saboda sun ga matsaloli irin nasu a ciki, kamar auren tilas, da rikici tsakanin son zuciya da biyayya ga iyaye, da soyayyar talaka da 'yar mai kuɗi. Waɗannan jigogi idan aka kawo su cikin fim ɗin Hausa sukan zauna daram, domin dama akwai su a cikin al'umma. Matsala takan taso ne idan aka kwaso har da abubuwan da ba su da gurbi a rayuwar Bahaushe, kamar saurayi da budurwa su yi ta guje-guje a cikin lambu, ko ɗa ya tsaya yana mayar wa mahaifinsa magana ido cikin ido, ko a warware rikicin aure ba tare da an ga waliyyi ko wani dattijo na dangi ba. A irin wannan yanayi mai kallo yakan ji kamar 'yan wasan Hausa suke yi da baki, amma rayuwar wasu suke nunawa.

Akwai wata hujja ta tarihi da ta ƙara fito da wannan batu fili. A shekarun 2010 aka fara fassara finafinan Indiya kai tsaye, ana ɗora musu muryar Hausa, kuma suka karɓu ƙwarai, musamman a wurin matasa. Mai kallo ya samu ainihin fim ɗin, da manyan taurarinsa da kyan hotonsa, kuma cikin harshen da yake ji. Daga nan fim ɗin Hausa da ba shi da abin da ya mallaka sai kwaikwayo ya rasa dalilin da zai sa a saye shi. Wanda ya tsira shi ne wanda ke da abin da fassara ba za ta iya bayarwa ba, wato rayuwar unguwa da gida irin ta mai kallo.

A ɗaya ɓangaren kuma, kasancewar labari na gida ba ya ba da tabbacin karɓuwa. An sha shirya finafinan gargajiya da na tarihi da aka cika su da dawaki da rawuna da bukkoki, amma aka rasa rikicin da zai riƙe mai kallo. Al'ada a cikin irin waɗannan finafinai takan zama ado kawai, kamar kayan da aka jera a gidan tarihi. Labari kuwa ba ya tafiya sai da mutum mai buƙata da kuma abin da ya tare masa hanya.

4.3 Waƙa da Taurari

Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, ya fito a daidai shigowar shekarar 2000, kuma yana cikin finafinan da suka fi kowane tasiri a tarihin masana'antar. Labarinsa gajere ne. Zubaina, wadda Fati Muhammad ta fito a matsayinta, yarinya ce mai hidima a gidan sarauta, ana wulaƙanta ta, sai Yarima, wato Ali Nuhu, ya kamu da sonta, abin da ya jawo mata ƙiyayyar wadda ake sa ran zai aura. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan zubi tun daga tatsuniyoyin 'yar bora da 'yar mowa, inda wadda aka raina take auren ɗan sarki saboda haƙuri da ladabi. Dama kamfanin ya riga ya gwada mayar da tatsuniya fim a Daskin da Riɗi.

An fi danganta nasarar Sangaya da waƙarsa, kuma haka abin yake. An haɗa kiɗan ne da fiyanon Yamaha, amma aka sa shi ya ba da amo mai kama da na kayan kiɗan gargajiya, ga kuma amshi irin na waƙoƙin 'yan mata a dandali. Waƙar ta riga fim ɗin shiga gari, ta bazu a gidajen biki da tashoshin mota da shagunan masu sayar da kaset. Sai dai abin lura shi ne, waƙar ta yi aiki ne saboda ta dace da labarin, kuma duka biyun sun fito daga rumbun da mai kallo ya sani. Sabon abu ne a kunne, amma tushensa tsoho ne.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda ake kuskuren fahimtar dalilin nasara. Masu shirya fim da 'yan kasuwa sun ɗauka waƙa ce kaɗai sirrin, sai aka shiga cusa waƙoƙi uku ko huɗu a kowane fim, ko labarin ya nema ko bai nema ba. Har ta kai wani lokaci akan fara rera waƙa, daga baya a nemo labarin da za a rataya mata. Sakamakon haka shi ne finafinai masu yawa da ake tuna waƙarsu amma ba a tuna abin da ya faru a cikinsu. Wannan salo ne kuma ya fi jawo wa masana'antar suka daga malamai, domin a cikin rawa da waƙa ne aka fi ganin cuɗanyar maza da mata da shigar da jama'a ba su aminta da ita ba.

Haka batun taurari yake. Fuskar sanannen ɗan wasa a jikin kwali takan sa a sayi fim a makon farko, amma ba ta iya hana labarin fim maras ma'ana yaɗuwa a bakin waɗanda suka riga suka kalla. Misalin Wasila, na shekarar 2000, wanda Yakubu Lere ya shirya, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, ya nuna akasin abin da 'yan kasuwa suka yi imani da shi. Fim ɗin ne ya ɗaga Wasila Isma'il, ba ita ta ɗaga shi ba. Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne jigonsa, wato matar aure da ta ci amanar mijin da ya ƙaunace ta. Batu ne da ake raɗe-raɗinsa a zaure da tsakar gida amma ba a saba ganinsa a allo ba, don haka ya haifar da muhawara tsakanin maza da mata a kan wanda ke da laifi da kuma ko ya dace a yafe. Fim ɗin da ya sa mutane gardama bayan an kashe talabijin ya riga ya sami masu yi masa talla kyauta.

4.4 Ingancin Aiki

Ana yawan cewa rashin kayan aiki na zamani da ƙarancin jari ne ke kayar da fim ɗin Hausa. Babu shakka sauti maras kyau da hoto mai duhu suna gajiyar da mai kallo. Amma tarihin finafinan barkwanci da ake kira camama ya nuna cewa ingancin na'ura ba shi ne kan gaba ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya shafe shekaru yana fitowa a finafinan da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, a ƙauye ko a bayan gari, amma suna cikin waɗanda talakawa suka fi saye. Dalili kuwa shi ne Ibro ya ɗauki siffar mutumin da kowa ya sani, wato talaka mai wayon tsiya da ke neman na abinci ta kowace hanya, yana faɗawa cikin rigima yana fita. Harshensa na kasuwa ne da tasha, kuma yakan ɗauki abin da ake yayi a gari ya mayar da shi abin dariya tun kafin a daina zancensa.

Wannan ba yana nufin camama ba ta da aibi ba. Yawancin finafinan ba su da tsayayyen zubi, sukan ƙare ba tare da an warware komai ba, kuma saboda an gina su a kan abin da ake yayi, da yawa sun mutu tare da yayin. Sun yi nasara ta kasuwa, sun gaza ta fuskar fasaha. Darasin da ke ciki shi ne, mai kallo yakan yafe wa fim raunin hoto idan ya ga kansa a ciki, amma da wuya ya yafe wa fim mai kyan hoto da bai gaya masa komai ba.

Ingancin da ya fi muhimmanci, wanda kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, shi ne na rubutun labari. Raunin da ya fi yawa a finafinan da suka faɗi shi ne jan labari ba dalili don a samu kashi na biyu, da dogayen gaisuwa da tafiyar mota da ba su ƙara komai ba, da kuma warware rikici ta hanyar haɗarin mota ko mutuwar farat ɗaya ko tuban da ba a shirya masa ba. Idan mugu ya shafe awa biyu yana mugunta, sannan ya tuba cikin minti biyu saboda fim ya zo ƙarshe, mai kallo ba zai gaskata tuban ba, kuma darasin da ake son koyarwa ya zube.

4.5 Hanyar Isa ga Mai Kallo

Fim ba ya nasara a cikin akwati. Kwatanta finafinai biyu zai nuna muhimmancin wannan batu. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labari ne na gida tsantsa, na yaron da aka sace aka sayar a matsayin bawa har ya kai ƙasar Larabawa, ya zama babban malami, da kuma mahaifiyarsa da ta ƙare rayuwarta wajen nemansa. An ɗauke shi a kan faifan silima da kuɗin gwamnati da ƙwararrun ma'aikata. Ta fuskar asali da fasaha da nauyin jigo, babu abin da za a nema a rasa. Darajarsa ta sa aka gyara shi aka sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Amma duk da haka bai haifar da masana'anta ba, domin ba a iya kallonsa sai a silima ko wurin taro na musamman. A al'adar birane irin su Kano kuwa, gidan silima wuri ne da ake ganin bai dace da mutumin kirki ba, balle matar aure da ke cikin kulle. Haka sauran finafinan silima da suka biyo baya, irin su Kasarmu Ce na Saddik Ɓalewa, suka fi samun yabo a wurin masana fiye da yaɗuwa a cikin gidaje.

A 1990 kuwa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kan kaset ɗin bidiyo. Ba za a haɗa shi da Shaihu Umar ta fuskar kayan aiki ba, amma shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin Hausa. Kaset ya shiga har cikin ɗaki, ya isa ga matan aure da 'yan mata, waɗanda dama su ne manyan masu karanta littattafan soyayya na kasuwar Kano. Wannan ne ya sa marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka mayar da littattafansu fim, kamar yadda aka yi da In Da So Da Ƙauna. Samun waɗannan masu kallo ne ya tsara irin jigogin da suka mamaye masana'antar, wato soyayya da aure da kishi.

Tsarin kasuwar ma ya yi tasiri a kan abin da ake shiryawa. A zamanin kaset, mai shirya fim yakan buga kwalaye ya sayar wa 'yan kasuwa, musamman na Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su kwafi fim ɗin a kaset su sa a kwali su sayar. Wannan ya ba 'yan kasuwa ƙarfin faɗa a ji, har sukan nuna ɗan wasan da suke so da yawan waƙoƙin da za a sa. Fim ɗin da ya kauce wa abin da suka saba yakan rasa mai ɗaukarsa, ko da kuwa yana da kyau. Ke nan wasu finafinan sun faɗi ne tun kafin mai kallo ya sami damar yanke musu hukunci.

Daga baya faifan CD da DVD suka maye gurbin kaset, sannan a tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifan ta durƙushe, lokacin da masu tura fim a waya suka yawaita, ana samun fim da ɗan kuɗi kaɗan ba tare da ko kwabo ya koma ga mai shi ba. A nan koken masu shirya fim a kan satar fasaha yana kan gaskiya. Amma masana'antar ba ta mutu ba, hanya ta sauya. Shirye-shirye masu dogon zango a tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma a YouTube, su suka karɓi ragama. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa masu kallo suna nan, sun koma wani dandali ne kawai. Sabuwar hanyar ta zo da nata sharaɗin, domin shirin da ake fitarwa mako-mako dole ya ƙare kowane kashi da abin da zai sa a dawo, abin da ya tilasta wa masu shiryawa mayar da hankali ga marubuci fiye da da. Ta kuma zo da nata ciwon, wato jan labari zango bayan zango har ya gundure.

4.6 Saƙo da Tasiri a Cikin Al'umma

Kusan duk mai shirya fim ɗin Hausa yakan ce manufarsa ita ce faɗakarwa da ilmantarwa. Wannan ya samo asali ne daga yadda Bahaushe yake kallon adabi, da kuma matsin da masana'antar ta shiga bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001. Amma kyan saƙo daban, isar saƙo daban. Misalai biyu masu jigo kusan iri ɗaya za su nuna haka.

A 2008 Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya fitar da Tsintsiya, wanda aka gina a kan fim ɗin Amurka mai suna West Side Story, da tallafin ofishin jakadancin Amurka. Jigonsa shi ne zaman lafiya tsakanin ƙabilu, ta hanyar labarin masoya biyu da rikicin jama'arsu ya shiga tsakaninsu. Fim ɗin ya sami lambar yabo a bikin finafinai na Zuma a Abuja. Amma ya fito ne a lokacin da dangantaka ta yi tsami ƙwarai tsakanin 'yan fim da hukumar tace finafinai ta Kano. A watan Disamba na shekarar wata kotu ta yanke wa Iyan-Tama hukuncin ɗauri bisa zargin fitar da fim ɗin ba tare da amincewar hukumar ba, zargin da ya musanta, kuma daga baya aka sake shi bayan ya ɗaukaka ƙara. Sakamakon haka shi ne an fi sanin Tsintsiya da shari'ar da ta biyo bayansa fiye da saƙon da yake ɗauke da shi, domin an rufe masa babbar kasuwar fim ɗin Hausa.

Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ɗauki jigo makamancin wannan, har ya ƙara da batun almajiranci da shaye-shaye da tsattsauran ra'ayi da 'yan gudun hijira. Bambancinsa shi ne bai tsaya yi wa mai kallo lacca ba. An ƙirƙiri gari guda, aka zuba masa mutane irin waɗanda ake gani kullum, kamar Kamaye da matarsa Adama da rigimarsu ta talauci, da Malam Nata'ala da almajiransa, da Kirista da Musulmi da ke maƙwabtaka. Mai kallo ya fara sabawa da mutanen, yana dariya da su, kafin a kawo masa batu mai nauyi. Idan matsala ta faɗa wa wanda aka shafe watanni ana kallo, takan taɓa zuciya fiye da jawabin da wani dattijo zai yi a ƙarshen fim. Bugu da ƙari, shirin yana shiga gidaje ta tauraron ɗan'adam kowane mako, ba tare da ya bi ta hannun 'yan kasuwa ba.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, saƙo yana tasiri ne idan ya narke a cikin labari. Fim ɗin da aka fara da darasi sannan aka nemo mutanen da za su faɗe shi yakan zama wa'azi maras daɗi, kuma mai neman wa'azi ya san inda zai same shi a wurin waɗanda suka fi 'yan fim iyawa. Haka kuma fim ɗin da ya yi gaba da abin da al'umma take ɗauka da tsarki yakan gamu da turjiya tun kafin a saurari hujjarsa. Gwanintar mai shirya fim ita ce ya taɓo inda ke yi wa jama'a ciwo ba tare da ya sa sun juya masa baya ba.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an dubi abubuwa biyar da ake dangantawa da nasara ko faɗuwar fim ɗin Hausa, wato asalin labari, da waƙa da taurari, da ingancin aiki, da hanyar isa ga mai kallo, da kuma saƙo. An ga cewa babu ɗaya daga cikinsu da ya isa shi kaɗai. Shaihu Umar yana da asali da inganci amma ya rasa hanyar shiga gidaje. Tsintsiya yana da saƙo amma aka tare masa kasuwa. Finafinan camama sun sami kasuwa amma da yawa ba su daɗe ba. Waɗanda suka haɗa kasuwa da tasiri, irin su Sangaya da Wasila da Daɗin Kowa, sun yi tarayya a abu guda, wato sun ɗauko rikicin da mai kallo ya sani a rayuwarsa, suka ba shi siffar da ta dace da kunnensa da idonsa, kuma suka same shi a inda yake.

Saboda haka, kiran da ake yi na a daina aro gaba ɗaya bai kama bakin zaren ba, kamar yadda ɗora dukkan laifi a kan masu satar fasaha da hukuma bai kama ba. Abin da ya fi cancanta a mayar da hankali a kansa shi ne marubucin labari, domin shi ne ke da alhakin sanin jama'ar da ake yi wa fim, kuma shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a zamanin kaset da faifai. A babi na gaba za a ɗauki waɗannan ma'aunai a yi amfani da su wajen nazarin jigo da zubi da salon finafinan da aka zaɓa domin wannan bincike.